Maganin da ya zubar da tsutsa nan take da wanda bai zubar ba: wanne ne jabu?

Wani manomin tumatir daga bakin kogin Nilu, kusa da Mai Wurno a Sudan, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Tsutsa ta shiga mini tumatir. Na sayi magani a kasuwa, an rubuta a jikin kwalbar cewa na halitta ne ɗari bisa ɗari, babu guba a ciki. Na fesa da hantsi, kafin la'asar tsutsa ta zube ƙasa, har ƙudan zuma na gani a mace. Maƙwabcina kuma ya sayi wani gari a leda wai shi Bt, ya fesa, washegari ya tarar da tsutsa tana nan a kan ganye. Ya ce shi an cuce shi, ni na dace, yana so in sayo masa irin nawa. Yaya ake gane na gaskiya da jabu?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa noma albarka. Kada ka sayo masa tukuna. A yadda ka ba da labarin nan, kwalbarka ta fi ba ni tsoro a kan ledarsa. Mai yiwuwa ne shi ya sayi na gaskiya bai san yadda yake aiki ba, kai kuma aka sayar maka da guba da sunan maganin halitta.

Mu fara da na maƙwabcinka. Bt gajeren sunan wata bakteriya ce da ke zaune cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis. Wani masani ɗan Japan ne ya fara ganin ta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, aka sake gano ta a Jamus a 1911, kuma tun 1938 aka fara sayar da ita a Faransa don feshin gona. Audugar Bt da aka fara nomawa a nan Sudan a 2012, daga jikin wannan bakteriyar aka ɗebo abin da ke kare ta daga tsutsa. Saboda haka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Abin da ba a gaya wa manomi a shago shi ne, Bt ba ta kisa ta fata. Ko ka yi wa tsutsa wanka da ita, in ba ta ci ganyen da aka fesa ba, babu abin da zai same ta. In ta ci, ruwan hanjinta mai kanwa-kanwa ne ke narkar da ƙwayar maganin, ita kuma ta huda bangon hanjin. Cikin 'yan sa'o'i tsutsar za ta daina ci, amma tana nan maƙale a ganye, in ka taɓa ta ma za ta motsa. Sai bayan kwana biyu zuwa uku ta yi laushi, ta yi duhu, ta mutu. Wanda ya zo washegari yana neman gawa a ƙasa ba zai gani ba. Abin da ya kamata ya duba shi ne ko akwai sabon ci a ganye da sabon kashin tsutsa. In cin ya tsaya, magani ya kama. Cikin mutum da na akuya tsami gare shi, kuma babu wurin da ƙwayar za ta maƙale a hanjinmu, shi ya sa ba ta cutar da mu, ba ta kuma taɓa ƙudan zuma.

Ita ma Bt ɗin iri-iri ce. Mai suna kurstaki da mai suna aizawai su ne na tsutsar gona. Mai suna israelensis ta 'ya'yan sauro ce a cikin ruwa, in ka fesa ta a tumatir ka zubar da kuɗinka. Kuma babu irin da ke taɓa farin ƙuda ko darɓa, wato asala kamar yadda ake faɗa a nan, domin su tsotso suke yi, ba sa cin ganye. Duk mai shagon da ya ce maka Bt na maganin asala, ko bai sani ba ko ya sani yana so ya rabu da kayansa.

Sannan wace tsutsa ce a gonar? Idan mai shiga tsakanin fatar ganye ce tana yin farin tabo kamar an ƙona, tana huda ɗan tumatir ta wajen hancinsa, to Tuta absoluta ce, wadda 'yan'uwanmu a Kano da Kaduna ke kira sharon tun da ta cinye musu tumatir a 2016. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifen a 2006, aka gan ta a Sudan a 2010. Macen tana iya yin ƙwai fiye da 200, kuma a ƙasa mai zafi tana hayayyafa kusan duk wata. Da zarar ta shige cikin ganye ko cikin ɗa, Bt ba ta iske ta sai in ta fito za ta sauya wuri. Don haka ana fesawa ne tun tsutsar tana ƙarama, ana maimaitawa duk mako, a haɗa da tarkon ƙamshi mai jawo namijin malam-buɗe-littafinta, wanda ke nuna maka ranar da suka fara yawa. Wanda ya jira sai tsutsa ta ƙoshi ta girma sannan ya ɗauko Bt, ya makara, ko da ledar daga hannun kamfani ta fito.

Yanzu kwalbarka. Magani mai rai, bakteriya ne ko fumfuna ko bairos, babu wanda ke zubar da tsutsa tsakanin hantsi da la'asar. Cuta ce ake sa wa ƙwaro, cuta kuwa sai ta kwana a jiki. Fumfunar da ake kira Beauveria bassiana, wadda ake fesa wa farin ƙuda da darɓa, sai ta tsiro a fatar ƙwaron ta huda ta shiga, abin ya ɗauki kwana huɗu zuwa mako guda. 'Yar'uwarta Metarhizium acridum, wadda aka yi maganin fara da ita mai suna Green Muscle, aka kuma fesa irinta ta jirgin sama a Somaliya lokacin annobar fara ta 2020, tana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Abin da ke kashe tsutsa da ƙudan zuma a yini guda ya fi kama da gubar da ke kama jijiya. Wannan ha'incin sananne ne: a zuba ɗan maganin guba mai arha a kwalba, a liƙa takarda mai hoton koren ganye, manomi ya ga gawa ya dawo ya ƙara saye. A Indiya hukumomi sun sha gwada kwalaben da aka rubuta wa na halitta su tarar da guba a ciki.

Sai dai kada in yanke wa mai kwalbar hukunci ban gan ta ba. Akwai magunguna da asalinsu daga halitta ne amma suna da saurin aiki. Spinosad da abamectin daga wasu ƙwayoyin ƙasa ake tatso su, ba su da rai a cikin kwalba, sinadari ne, kuma suna kashe ƙudan zuma in feshin bai bushe ba. Abamectin ma guba ce ga mutum, ba abin wasa ba. In ɗayansu ne a kwalbarka, to dole sunansa ya fito ɓaro-ɓaro a jikin takarda tare da yawansa. Ka je ka duba. In ka tarar babu komai sai "hayawi" ko "ɗabi'i", wato na halitta da Larabci, da jerin ƙwari goma sha da wai yana kashewa, ba sunan abin da ke ciki, to ka san inda aka dosa.

Haɗarin ba a kan kuɗin da ka kashe ya tsaya ba. Wanda ya san guba ya fesa yakan rufe hanci, ya jira kwanakin da aka ƙayyade kafin ya tsinki tumatir. Wanda aka gaya wa babu guba kuwa, yaronsa zai ba famfon ya goya ba riga, ya dama da hannu, washegari a tsinka a kai kasuwar Sinnar ko Singa. Tunda ba ka san abin da ka fesa ba, ka ɗauke shi a matsayin mai ƙarfi: ka bar tumatir ɗin aƙalla mako biyu kafin tsinka, wanda ya nuna ya lalace a cikin kwanakin nan ka haƙura da shi, kada kuma a ba dabba ganyen.

Akwai kashi na uku da ya fi jabu yawa a ƙasar nan a ganina, shi ne na gaskiya wanda ya mutu. Magani mai rai kamar irin gyada yake, in an soya shi kamanninsa na nan amma ba zai tsiro ba. Ka tuna zafin Afrilu da Mayu a Sinnar, sama da digiri 40 a inuwa, ka tuna shagon kwano da rana tsaka, ka tuna kwanakin da kaya ke yi a bayan babbar mota daga Fot Sudan. Ƙwayoyin Beauveria da na Trichoderma, wadda ake sa wa ƙasa don ruɓewar saiwa, sanyi suke so, firji in da hali. Makonni kaɗan a irin wannan zafin sun isa su kashe yawancinsu, alhali kwanan watan da ke jikin leda bai ƙare ba. Garin Bt ya fi juriya, yakan kai shekara biyu a wuri mai sanyi marar laima, amma shi ma rana ba ta bar shi ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wutar lantarki ta zama abin da ta zama, ɗakunan ajiya da yawa sun watse, kaya sun bi hannaye barkatai, masu sa ido kuma sun tarwatse. Don haka kafin ka tambayi mai shago farashi, ka duba inda ya ajiye kayan. In a bakin ƙofa ya jera su rana na dukan su, ka wuce, ko da shi mutumin kirki ne.

A gida ma haka. Wanda ba shi da firji ya ɗaure ledar sosai, ya sa a gwangwani mai murfi, ya ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, nesa da hannun yara. Kada ka sayi na shekara guda, sayi abin da za ka ƙarar a wata ɗaya ko biyu.

Batun takardar jikin magani, a Sudan akwai doka a kai, dokar magungunan ƙwari ta 1994, kuma Majalisar Ƙasa ta Magungunan Ƙwari ce ke yi wa magani rajista bayan an gwada shi a gonakin bincike irin na Hukumar Binciken Noma da ke Wad Madani. Wanda ya bi wannan hanyar yana zuwa da bayani da Larabci, da lambar rajista, da sunan kamfanin da ya yi shi da na wakilin da ya shigo da shi, da lambar rukunin da aka haɗa shi a ciki, da ranar yi da ranar ƙarewa. Mai rai kuma yana da ƙarin shaida. Za ka ga cikakken sunan halittar da harafin boko, sau da yawa har da lambar irinta, misali ta Green Muscle ita ce IMI 330189. Za ka ga ƙarfinsa a rubuce: na Bt yakan zo kamar 16,000 IU ko 32,000 IU a kowane miligiram, na fumfuna kuma adadin ƙwayoyi masu rai a kowane giram, da haruffan CFU a gefe, miliyan ɗari ko sama da haka. Na darbejiya zai faɗi yawan azadirachtin, wato sinadarin da ke aikin, da ke ciki. Mai jabu ba kasafai yake wahalar da kansa da waɗannan ba, in kuma ya kwaikwaya, a wurin kwanan wata yake tonuwa. Ka murza wurin da ɗan yatsa mai laima, ka karkata kwalbar ga haske ka ga ko an liƙa wata 'yar takarda a kan tsohuwa, ko an kankare an sake bugawa. Ka juya murfi ka ji ko zoben da ke ƙasansa zai tsinke a hannunka, ka ga ko farar takardar da ke bakin kwalba a manne take ko da gam aka maido ta. Ka jera kwalba biyu na kamfani ɗaya: in tsawon ruwan ya bambanta, ko launinsu, da hannu aka ɗura. A gindin takarda akwai zanen launi, ja ga mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Koren ba shaidar gaskiya ba ne, tawada ce kowa na iya bugawa, amma in babu zanen sam, alama ce.

Wanda ake aunawa a zuba maka a robar ruwan sha ko a ƙulla a farar leda, ba ni da abin cewa a kansa sai kada ka saya. Na san dalilin da ya sa ake saye, fam ya faɗi, kwalba guda ta fi ƙarfin mai 'yar ƙaramar gona. Gara ku haɗu ku huɗu ko biyar ku sayi rufaffiya ku raba a gabanku. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai sunan maganin da lambar rukuninsa, in ta manhajar banki ta Bankak ka biya ka adana shaidar. Mai kayan gaskiya ba ya jin nauyin rubuta fatura. Haka wanda 'yan'uwa ke aikowa daga Jidda ko Makka, yana iya zama mai kyau, amma rajistar Saudiyya ba ta Sudan ba ce, kuma ba ka san kwana nawa ya yi a zafin tashar Sawakin ba.

Duk wannan duba ne na ido. Gwajin da na fi yarda da shi kai da maƙwabcinka za ku iya yi a zaure, ba ku kashe ko sisi ba. Ku samo kofi uku masu tsabta. Ku tsinko ganyen tumatir daga inda ba a taɓa fesawa ba. Ganyen farko ku tsoma a ruwan Bt da aka dama yadda takarda ta ce, na biyu a ruwan kwalbarka, na uku a ruwa zalla. Ku bari su sha iska su bushe a inuwa, ku sa kowanne a kofinsa, ku ɗora ƙananan tsutsotsi goma-goma masu lafiya, ku rufe baki da ƙyalle, ku ajiye a inuwa. In na kofin kwalbarka suka fara murɗewa suna amai cikin awa ɗaya ko biyu, guba ce. In na kofin Bt suka bar ci a yinin farko, suka mutu a kwana na biyu zuwa na uku alhali na ruwa zalla suna ta ci, ledarsa lafiya lau take. In kwana biyar suka wuce babu bambanci tsakaninsu da na ruwa, matacciya ce ko garin banza. Kofin ruwa zallar nan kada a raina shi, shi ke nuna cewa ba zafi ko yunwa ce ta kashe su ba. Ga fumfuna kuma, ka ɗauki ƙwarin da suka mutu bayan feshi ka ɗora a jiƙaƙƙiyar takarda cikin roba mai murfi. Bayan 'yan kwanaki, in Beauveria ce za ka ga farin gashi kamar auduga ya fito ta gaɓoɓinsu ya lulluɓe su, in Metarhizium ce kore zai fito.

In gwaji ya nuna ledarsa na da rai amma a gona ba ta yi ba, to a yadda ya fesa matsalar take. Hasken rana yana kashe Bt a kan ganye cikin kwana ɗaya zuwa uku, don haka bayan la'asar ake fesawa, lokacin da tsutsa ke fitowa ci, a jiƙa bayan ganye da kyau. Ruwan rijiya mai zartsi ko mai kanwa, wanda ma'aunin pH ɗinsa ya wuce 8, yana lalata maganin tun a cikin famfo, ruwan kogi da aka bari ya kwanta ya fi. Abin da aka dama a ƙarar da shi a ranar. Fumfuna tana son laima, iskar hunturunmu kuwa busasshiya ce, saboda haka a fesa ta da yamma bayan ban ruwa. Kada a haɗa ta da maganin cutar ganye irin na jan ƙarfe ko farar wuta ko mancozeb, aikinsu ke nan kashe fumfuna, kuma famfon da aka yi aiki da su a wanke shi tas.

Za ka ce duk wannan wahalar ta mece ce, tunda ga mai kisa nan take. Dattawan da suka yi noman auduga a Jazira za su ba ka amsa. An fara feshin gubar DDT a can a tsakiyar shekarun 1940, sau ɗaya a shekara. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 feshin jirgi ya kai sau takwas zuwa tara, ana bin tsutsar ƙwallon auduga. Gubar ta share ƙananan ƙwarin da ke cinye farin ƙuda, shi kuma ya saba da ita, ya tashi daga ƙaramin ƙwaro ya zama babbar annoba. Danƙon da yake fitarwa ya manne audugar, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Wannan ne ya sa aka fara shirin rage feshi tare da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1979. A gonar tumatir abin ya fi sauri, domin farin ƙuda shi ke ɗauko cutar da ke nannaɗe ganye ta tsugunar da shuka. Ƙudan zuman da ka gani a mace, tare da su an kashe gizo-gizo da sauran masu yi maka gadi kyauta. Ka sa ido a mako biyu masu zuwa, ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa.

In kasuwa ta gagara, akwai maganin da babu mai iya yi maka jabunsa, yana tsaye a ƙofar gidanka. A nan Sudan ne, a 1959, wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura fara ta cinye komai ta bar darbejiya, daga nan binciken zamani a kanta ya tashi. Ƙarfin ya fi yawa a cikin ƙwallon fiye da ganye. Ka tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ka wanke naman, ka shanya a inuwa, ka zubar da duk wanda ya yi fumfuna. Ka ɓare, ka daka rabin kilo, ka ƙulla a ƙyalle ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana. Da safe ka matse, ka tace sau biyu don kada bakin famfo ya toshe, ka narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, ka ajiye a inuwa ka fesa da yamma. Famfo mai lita 16 yana cin giram 800. Ita ma ba ta zubar da ƙwaro nan take, hana shi ci take yi, ta hana shi saɓa ya girma, ta rage masa ƙwai. Tana taimakawa a kan farin ƙuda da darɓa da ƙananan tsutsa, a maimaita duk mako, kuma ana iya karɓa-karɓa tsakaninta da Bt.

Kwalbarka kuwa kada ka zubar da ragowar a kogi ko a magudanar ban ruwa, kada kuma a wanke ta a zuba mai ko ruwa. Ka ɗauki hotonta gaba da baya, ka kai ta ofishin kare tsirrai na jiha ko wurin malamin gona mafi kusa, ka faɗi inda ka saya. In wanda ya yi feshin ya fara zufa mai yawa, yawu na zuba, ciki na murɗa, ido na ganin dishi-dishi, a cire masa kayan jikinsa, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti nan da nan tare da kwalbar. Kada a ɗura masa nono ko mai, kada a sa shi amai da ƙarfi.